Kurakuran masu haɗa sikafol daga fatar kifi a Kebbi

Sikafol wani abu ne mai ƙananan kofofi da ake sanyawa a rauni ko karaya, ƙwayoyin jiki su kama shi su yaɗu kamar kabewa a kan rumfa. Masu teku suna yin sa da murjani da ɓawon jatan lande. Kebbi ba teku, amma fatar karfasa da ta giwan ruwa da ake zubarwa a kasuwannin Yauri da Argungu cike take da kolajin, furotin ɗin fata da ake haɗa sikafol da shi, ba kuma shakkar alade a ciki.

Zafi ne ke kashe yawancin aikin ɗalibai. Kolajin kifi ya fi na saniya saurin lalacewa, kuma da ya sha zafi ya koma jelatin, wato kolajin da ya warware, ba ya dawowa. A watan Afrilu Birnin Kebbi kan wuce digiri 40, amma sai ka ga ɗalibi ya ɗauko fata cikin leda a kan kabu-kabu tun daga bakin kogi. Ka sa ta a ƙanƙara nan take. Jiƙa fatar a sinadarin NaOH (soda mai ƙuna) da tatso kolajin da asid asetik (asid ɗin binega) duk a digiri 4 ake yi. In babu tabbacin wuta, a samu firjin sola kafin a fara. Kifin banda kuwa, bar shi wa miya.

Wannan zafin ne dai ke hana saka kolajin a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta a digiri 121. A kashe ƙwayoyin cuta da etanol kashi 70 cikin ɗari, ko hasken gamma, wani nau'in radiyeshin, inda ya samu.

Wasu kuma sukan manta cewa jikin mutum digiri 37 ne, sikafol da ba a ƙarfafa ba narkewa zai yi. Cikin sinadaran ƙarfafa shi, gulutaraldehayid na da araha, amma ragowarsa guba ce ga ƙwayoyin jiki. Ni na fi son EDC ko jenifin.

Kofofi ma abin lura ne. Shanya a rana na toshe su, dole sai injin busarwa da daskarewa. Ƙashi na buƙatar kofa mai faɗin aƙalla maikuron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita.

Mai ƙona ƙayar kifi don samun haidiroksi-afatait, ma'adinin ƙashi da ake sawa a sikafol, kada ya sauke ta tana baƙi ko toka-toka. Sauran nama ne bai ƙone ba. Ya kai wuta digiri 600 zuwa 900 sai ta yi fari, sannan ya auna: yawan kalsiyam in an raba da na fosforas ya kusanci 1.67.