Yadda za ka karanta tarihin jihadi ba tare da ka rikice ba

Kafin ka buɗe littafin, ɗauki takarda ka rubuta shekaru huɗu: hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu 1804, faɗuwar Alkalawa (babban birnin Gobir) 1808, rasuwar Shehu 1817, shigowar Turawa Sakkwato 1903. Duk abin da ka karanta, jingina shi ga ɗayarsu.

Sunaye ne ke rikita mutane. Abubakar da Muhammadu sun yi yawa a gidan sarauta, don haka rubuta kowa da laƙabinsa da sunan mahaifinsa: Atiku ɗan Shehu, Aliyu Babba ɗan Bello. Duba kuma ko da shekarar Hijira marubucin yake lissafi.

Shafi goma bayan Asuba ya isa. Ƙagaggen labari kuwa bar shi sai dare, kuma kada ka ɗauki kwanan wata daga cikinsa.