Darasi na 7: Man Sej a Haɗin Turare

Sej wani tsiro ne mai ƙamshi, dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Larabawan Sham suna kiransa maramiya, suna jefa ganyensa a shayi. Yana da iri da yawa, amma biyu ne mai haɗa turare zai riƙa cin karo da su, kuma dole ya iya bambanta su kafin ya fitar da kuɗinsa.

Na farko shi ne na girki da shayi, wanda ake tsinkowa da yawa a Albaniya da Kuroshiya. A jikin kwalbar mansa za ku ga an rubuta Salvia officinalis. Ƙamshinsa yana da kaifi saboda akwai kafur a ciki. Akwai kuma wani sinadari, tujon, wanda in aka sha yakan jawo jijjiga. Ganyen a shayi daban, mansa daban. Man ba na sha ba ne.

Na biyu shi ne abokin masu turare. Sunansa a kwalba Salvia sclarea, wani lokaci a sa Clary Sage. Yakan kai mita 1 a tsawo. Ganyensa faffaɗa ne mai gashi-gashi, furensa fari da ruwan hoda zuwa shuni. Ana nomansa a kudancin Faransa, da Rasha, da Bulgeriya, da jihar Karolina ta Arewa a Amurka.

Yaya ake fitar da man? Ku tuna yadda ake turara dambu a madambaci. Ana yanko kan furen da ganyen, a cusa su cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a tura tururi ta ƙasa. Tururin ya ratsa ganyen ya kwashi man, ya bi ta wani bututu da ruwan sanyi ya kewaye. Da ya huce sai ya koma ruwa, man ya taso sama, a kwashe shi. Ganye tuli guda ɗan mai kaɗan yake bayarwa, shi ya sa na gaske ba ya arha.

Ƙamshin man Clary Sage mai laushi ne, da ɗan zaƙi, da ƙamshin busasshiyar ciyawa da na shayi. Aikinsa a turare shi ne sasanta tsakani. Ƙamshin lemo yana saurin tashi, sandal da miski kuwa suna daɗewa a tufafi. Sej yana zama a tsakiya ya ɗaure su. Shi ya sa ake yawan sa shi a turarukan maza.

Tsiron yana da wani amfanin da ya fi wannan. Ambar na asali daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku yake fitowa, samunsa wuya, kuɗinsa tsada. A 1950 masana na kamfanin turare na Firmenich a Jeneba suka ɗauki wani sinadari na jikin wannan tsiro, mai suna siklariyol, suka sarrafa shi ya ba da ƙamshin ambar. A ganina duk mai sayar da madarar turare ya kamata ya san wannan, domin ƙamshin ambar da ke cikin turarukan zamani da yawa daga gona ya samo asali.

Yanzu sai aiki. Ɗigo 1 na man Clary Sage a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ya isa gwaji. Ku shafa kaɗan a cikin damtse, ku jira kwana guda. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ku bar shi. Mai juna biyu ta nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. A ajiye kwalbar a rufe, a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Aikin gida: ku rubuta sunayen nan biyu a littafinku, ku karanta su har ku iya gane su a jikin kwalba. Wanda ya samu man ya ɗiga ɗigo 1 a farar takarda ya bar ta ta kwana. In da safe ya tarar da tabon maiƙo, an gauraya shi da wani mai.