Yadda ake dakatar da aikin agaji na ɗan lokaci ba tare da an cutar da jama'a ba

A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, kuma idan damina ta yi ƙarfi, ƙauyukan bakin kogi a Zaki, Gamawa da Jama'are sukan yi kwanaki mota ba ta shiga. A watan Janairun 2025 kuwa, gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, sai yawancin ayyukan da hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ke ɗaukar nauyinsu suka tsaya cik. Duk ƙungiyar da ke aikin agaji a jihar Bauchi tana iya wayar gari cikin irin wannan hali, don haka ya kamata ta tsara yadda za ta dakata tun kafin ranar ta zo.

Abu na farko shi ne a zauna a ware ayyukan da za su iya jira daga waɗanda tsayawarsu ke taɓa rai. Taron bita, ginin aji da rabon kayan sana'a duk za su iya jiran wata biyu. Yaron da ke karɓar abincin tamowa kowane mako ba zai iya jira ba, haka ma mai shan maganin tarin fuka, wanda yawanci sai ya yi wata 6 a jere, da mai shan maganin ƙanjamau, domin yankewar maganin kan ba ƙwayar cutar damar bijire masa. Irin waɗannan a ba su abin da zai kai su makonni a gaba gwargwadon yadda ƙa'idar magani ta yarda, sannan a miƙa sunayensu a rubuce ga cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa, a kuma tabbatar jami'in wurin ya karɓa hannu da hannu. A ganina, ƙungiyar da ta janye motocinta kafin ta yi wannan ta ci amanar mutanen da ta yi wa rajista.

Daga nan sai sanarwa. A fara da hakimi, dagaci da masu unguwa, a nemi limamai da shugabannin coci su isar da saƙon, a faɗi dalilin a fili, a kuma bar lambar wayar da za a riƙa amsawa. Kada a yi alkawarin ranar dawowa idan ba a da tabbacinta, domin matan da suka taka sayyada daga nesa suka tarar da ƙofa a kulle ba lallai su sake fitowa ba. A rubuta wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da ƙaramar hukuma, sannan a sanar da mai ba da tallafi a makon, tare da neman ƙarin wa'adi da bayanin kuɗin da dole a ci gaba da kashewa, kamar hayar sito da albashin masu gadi.

Kayan sito a ƙirga su gaban shaidu, a ɗaga buhuna daga ƙasa, a duba ranar lalacewar kowane kaya. Yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, saboda haka a mayar da su ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma. Masu aikin sa-kai a biya su haƙƙinsu, a gaya musu matsayinsu ba tare da kwana-kwana ba.

Sharuɗɗan komawa aiki ma a rubuta su tun ranar dakatarwa: ko gyaran hanya, ko amincewar jami'an tsaro da masu gari, ko shigowar kuɗi, tare da ranar da za a riƙa duba lamarin, misali kowane mako biyu. Idan an dawo, a fara da bin jerin sunayen da aka miƙa, gida-gida, a gano waɗanda maganinsu ya yanke, a sake auna damtsen yaran don gano masu tamowa kafin a buɗe sabuwar rajista.