Madafa ta yi ƙunci? A duba bango

'Yan uwa matan Damagaram, bangon madafa na nan zaune a banza. A sa kafinta ya kafa katako, a buga ƙusoshi jikinsa, don bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Ludayi, muciya, maburgi, rariya, duk a rataye. Tukwane, ƙarama cikin babba.

Buhun gero ne ya fi damuna. Don Allah kada a dire shi ƙasa, gara da danshin damina za su cinye shi. A ɗora kan bulo da katako, ƙarƙashi a ajiye gawayi. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa a zuba cikin robobi masu murfi irin na Kasuwar Dole, ƙurar hunturu ba ta shiga.