"Ai a kwamfutata tana aiki": kurakuran ɗora manhajar yanar gizo a gajimare

Duk mai rubuta manhaja ya taɓa faɗin wannan magana. Sai an ɗora aikin a gajimare, wato a sabar wani dandalin intanet kamar Render ko Railway ko Heroku, sannan ido ya raina fata.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lambar ƙofa (port), wadda ake bi ta kanta a isa ga manhajarka. Ka kafe 3000 a cikin Express, kayan aikin rubuta saba, alhali dandalin ne ke ba ka tasa lambar ta process.env.PORT. Manhaja za ta tashi, amma ba mai iya isa gare ta. Karɓi lambar daga can, ka kuma saurara a 0.0.0.0, domin 127.0.0.1 injin kaɗai ke jin sa. Ƙanin wannan kuskure shi ne mance localhost:5000, adireshin da ke nufin injin da ake kai, a cikin React, kayan aikin gina fuskar shafi: burauzar baƙo sai ta shiga neman bayanai a wayarsa, ba a sabarka ba.

Wanda ya fi ciwo kuwa na ajiya ne, don ba ya nuna kansa da wuri. Ka sa SQLite, mai ajiye bayanai a fayil ɗaya a kan faifan saba, mutane sun yi rajista, sun ɗora hotuna, komai lafiya lau. Ka gyara harafi ɗaya, ka sake ɗorawa, ka buɗe, wayam! Faifan irin waɗannan dandali na wucin gadi ne. Heroku ma aƙalla sau ɗaya a rana take sake kunna injinta, abin da aka rubuta a kai ya tafi. Bayanai su zauna a rumbun bayanai na daban irin PostgreSQL, hotuna kuma a ma'ajin fayiloli irin S3 na Amazon. Ni dai ban ga dalilin jinkirta wannan ba, ko da gwaji ake yi.

Fayil ɗin .env, inda ake ajiye makullan sirri, bai kamata ya je GitHub ba, wato shafin ajiye lambobin manhaja. In ya riga ya je, goge shi ba ya magani, yana nan a tarihin Git. Sauya makullan gaba ɗaya. Haka kuma in kana gini da Vite, duk abin da ka fara sunansa da VITE_ a .env cikin burauza zai ƙare, kowa na iya karantawa, saboda haka sirri ba ya shiga nan.

Sai CORS, ƙa'idar da ke fayyace shafukan da aka yarda su karɓi bayanai daga sabarka. Rubuta ainihin adireshin shafinka. Alamar *, mai nufin kowa, ba ta aiki in ana aika kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza.

Akwai kuma wani mai ban haushi. Windows ba ta bambance Header.jsx da header.jsx, Linux kuwa tana bambancewa, kuma yawancin sabobi Linux ne. In ginin ya tsaya yana cewa bai ga fayil ba alhali ga shi kana kallo, duba harafin farko, ka gyara sunan da umarnin git mv.