Fetur marar etanol: nawa yake rage shan mai, kuma yadda za ka auna da kanka

Etanol wani nau'in barasa ne da ake tatsowa daga masara ko rake, sannan a gauraya shi da fetur kafin ya iso gidan mai. Lambar da ake rubutawa a jikin famfo ita ke nuna yawansa: E10 yana nufin kashi 10 cikin 100 etanol ne, E15 kashi 15, shi kuwa E0 fetur ne zalla. A Amurka kusan duk man da ake sayarwa E10 ne, Birtaniya ta koma kansa a watan Satumba na 2021, Brazil kuma ta daɗe da haura kashi 25. Shi ya sa masu motoci ke ta tambaya ko neman E0 zai sa mai ya yi musu auki.

Zai yi, amma kaɗan. Litar fetur zalla tana ɗauke da makamashi kimanin megajul 32, litar etanol kuwa kimanin 21, wato ya gaza fetur da kusan kashi ɗaya bisa uku. In aka cire kashi 10 na fetur aka maye gurbinsa da etanol, abin da aka rasa bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Motar da ke cin kilomita 12 a lita ɗaya ta E10 za ta ci wajen 12.4 da E0. A tanki mai lita 50, ƙarin kilomita 20 ke nan a kan 600. Duk wanda ya ce maka motarsa ta rage shan mai da kashi 15 don kawai ya canza zuwa E0, to wani abin ne ya canza tare da man, ko kuma awon ne bai yi daidai ba.

Yadda abin ke faruwa a cikin inji shi ne: fetur zalla yana buƙatar iska kilo 14.7 don ƙona kilo ɗaya nasa, etanol kuwa iska kilo 9 ta ishe shi, saboda shi kansa yana ɗauke da oksijin. E10 yana tsakani, wajen 14.1. Na'urar auna oksijin da ke jikin salansa tana gano cewa oksijin ya yi saura a hayaƙi, sai ta sanar da kwamfutar inji, ita kuma ta ƙara tsawon lokacin da injekta, wato abin da ke fesa wa inji mai, ke buɗewa. Ƙarin feshin nan shi ne ƙarin shan man. In ka zuba E0, kwamfutar za ta rage feshin da kanta, ba sai makanike ya taɓa komai ba. Wanda ke da OBD2, wato na'urar da ake jona wa mota don karanta bayanan kwamfutarta, zai iya ganin haka da idonsa: lambar gyaran mai ta dogon lokaci, mai nuna yawan feshin da kwamfuta ta ƙara ko ta rage, za ta sauka da maki uku zuwa huɗu bayan 'yan kwanaki.

Kafin ka fara gwaji, buɗe murfin tanki ko littafin motar ka duba oktan ɗin da take so, wato lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi a cikin inji ba tare da ya kama da wuta kafin lokacinsa ba. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Etanol yana da oktan mai yawa, sama da 105 a ma'aunin oktan da ake kira RON, don haka shi ke ɗaga oktan ɗin man da aka gauraya shi a ciki. In motarka tana neman 95 ka zuba mata E0 mai 91, man zai riƙa kamawa kafin lokacinsa, ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu. Kwamfuta za ta jinkirta wutar filogi don kare inji, ƙarfi ya ragu, kashi ukun da kake nema kuma ya bi ruwa. Sai oktan ya zo ɗaya ne kwatancen zai yi ma'ana.

Sannan ka tabbatar man da aka ce maka E0 ne, shi ne ɗin. Samo kwalbar gilashi siririya mai awon mililita 100. Zuba ruwa mililita 10, ka cika da fetur har 100, ka toshe baki, ka girgiza sosai, ka ajiye minti biyar zuwa goma. Ruwan zai kwanta a ƙasa. In layinsa yana nan a kan 10, babu etanol. In ya haura zuwa 18 ko 19, E10 ne, domin etanol ya bar fetur ya bi ruwa. A yi wannan a fili, nesa da wuta da taba, kuma kada a juye abin da ke cikin kwalbar a tankin mota.

Awon kansa ba wuya, haƙuri kawai yake so. Fara da man da ka saba. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa karon farko, kada ka bari a yi ta ɗuɗɗura masa har baki, domin hakan kaɗai na iya kawo bambancin lita ɗaya ko biyu. Mayar da mitar tafiya sifili. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba, ka dawo famfo ɗaya ɗin, motar tana tsaye a wuri ɗaya, ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Yi haka tanki huɗu ko biyar, sannan ka tara kilomitocin duka ka raba da jimillar litocin. Kada ka dogara da lambar shan mai da ke fitowa a gaban direba. Kwamfuta ce ke ƙiyasta ta daga buɗewar injekta, kuma kuskurenta na iya fin bambancin da kake son ganowa.

Da ka koma E0, tankin farko ba ya shiga lissafi. In akwai ragowar lita 10 na E10 a tanki mai lita 50 ka cika da E0, har yanzu akwai etanol kashi 2 a ciki. Cikawa ta biyu ce za ta saukar da shi ƙasa da rabin kashi ɗaya. Daga nan ka fara ƙirga wasu tankuna huɗu ko biyar. Iskar taya ta kasance ɗaya tun daga farko har ƙarshe, a auna ta da safe kafin tayar ta yi zafi. Kada a canza filogi, ko filtar iska, ko baƙin mai a tsakiyar gwaji. Cunkoso na awa ɗaya da na'urar sanyaya mota a kunne, ko gudun kilomita 120 a maimakon 100, kowanne yana iya shafe kashi uku ba tare da ka lura ba, shi ya sa tanki ɗaya ba ya zama hujja.

Batun kuɗi kuwa lissafi ne na ɗan firamare. In litar E10 tana kan 100, E0 zai biya kansa ne kawai in bai wuce 103 ko 104 ba. A yawancin wuraren da ake sayar da duka biyun, ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ga motar zamani mai injekta da ake hawa kullum, sayen E0 don rage shan mai asara ce: tiyo da robobinta an yi su ne don su jure E10, man kuma ba ya daɗewa a tanki balle ya lalace.

Inda E0 ke da amfani na gaske shi ne tsofaffin motoci masu kafireto da duk injin da ake ajiyewa watanni ba a tayar ba. Kafireto ba shi da kwamfutar da za ta ƙara masa mai, don haka da E10 iska na rinjayar mai, inji ya ƙara zafi, wani lokaci ya riƙa shaƙewa in an taka totur. Etanol yana kumbura tsohuwar roba ko ya busar da ita ta tsage, kuma yana kankare dattin da ya shekara manne a tanki ya tura shi filta ta toshe. Babbar matsalar ita ce ruwa. Etanol yana zuƙar danshi daga iska, E10 kuma yana iya riƙe ruwa wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 kawai, wato kwatan lita a tanki mai lita 50, ƙasa da haka in ana sanyi. Da ya wuce nan, ruwan da etanol sai su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfon man motar ke zuƙa. Mota ta ƙi tashi, tankin ƙarfe ya fara tsatsa, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya faɗi. Ba maganin da za a zuba ya sake haɗa su. Sai an zubar da man an wanke tanki. Motar da za a ajiye fiye da wata biyu ko uku, a cika ta da E0 kusan baki don iskar da ke cikin tanki ta yi kaɗan. Amma E0 ba ya korar ruwan da ya riga ya shiga, shi ma kwanciya yake yi a ƙasa.

Wasu kan zuba ruwa a jarkar E10 su girgiza don su cire etanol da kansu. Etanol ɗin zai fita, amma zai tafi da maki biyu zuwa uku na oktan, domin fetur ɗin da matatar mai ke haɗawa don E10 tun asali mai ƙarancin oktan ne, da etanol ake cike giɓin. Ga kuma kashi 10 na man da ka saya ya koma gurɓataccen ruwa mai kama wuta wanda ba inda za ka zubar da shi.