Kurakuran da aka fi yi wajen rina katakon alƙalami da sa masa sheƙi

Alƙalamin katako da ake sassaƙawa a injin juyi, wato injin da ke juya katako ana fere shi, ba ya ɓoye aibi, domin katakon da ke saura a kan bututun tagullar da ke cikinsa da ƙyar yake wuce kaurin milimita 2, kuma kullum yana hannun mai shi cikin zufa da maiƙo. Yawancin ɓarnar da ake gani bayan an gama aiki, tun kafin a buɗe kwalbar rini aka yi ta.

Babban kuskure shi ne aiki da ɗanyen katako. Guntayen da matasanmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ke samowa da araha wurin kafintocin unguwar Sokoban sau da yawa a ido kawai suka bushe. Kumasi gari ne mai laima, don haka alƙalamin da aka sassaƙa da damina yakan zauna lafiya har hunturu ya shigo a Disamba, sannan katakon ya tsuke, tagullar kuwa ba ta tsukewa tare da shi, sai ya tsage. Maganinsa shi ne a shafe bakin guntun biyu da kakin kyandir, a ajiye shi a inuwa mai iska, a riƙa ɗora shi a sikeli har nauyinsa ya daina raguwa.

Sai gaggawa wajen guga. Wanda ya tsallaka daga samfefa mai lamba 150 zuwa mai lamba 600 ya bar zane a kewayen katakon, rini kuwa cikin zanen yake taruwa ya tona shi. A bi lambobin a jere, kuma bayan kowace lamba a tsayar da injin a goga bisa tsawon katakon. A kula kada samfefa ta taɓa zoben ƙarfen da ke riƙe guntun, saboda ƙurar ƙarfe tana baƙanta farin katako irin na itacen da ake kira wawa.

Game da rinin kansa, mai haɗin ruwa yakan tayar da gashin katako, wato ƙananan zaruruwan da ke fuskarsa, shi ya sa ake fara jiƙa katakon kaɗan, a bar shi ya bushe, a goge gashin kafin a rina. Mai haɗin sipirit bai cika yin haka ba, amma yana saurin bushewa har ya bar tabo idan hannu ya tsaya. A gwada launi a kan ragowar guntun tukuna. A ganina katakon sapele da na odum ba sa bukatar rini ko kaɗan, launinsu na asali ya isa, kuma abin takaici ne a rufe shi don a kwaikwayi madobiya, itacen da gwamnatin Ghana ta sha hana sarewa, wanda kuma yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017.

Wurin sa sheƙi ma aiki yakan lalace. Shalak, wani ƙaro da ake narkarwa a shafa wa katako, yana ba da ƙyalli nan take, amma zufar hannu tana dusashe shi da wuri, shi ya sa masu sana'ar suka fi dogara da sufa gulu mai ruwa-ruwa. Matsalar wannan gam ita ce ba ya shiri da danshi: idan aka shafa shi a kan rinin da bai gama bushewa ba, ko a ranar da iska ta cika da laima, sai wani farin hazo ya fito a ƙarƙashinsa, kuma babu gogewar da za ta cire shi sai an kankare duka an sake. A bar rini ya kwana, a shafa gam ɗin siriri sau da dama maimakon shafi ɗaya mai kauri, a jira kowane shafi ya ƙame. Katako mai maiƙo irin na itacen tik sai an share shi da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo, in ba haka ba gam ɗin zai ɓare daga baya.

A guji ɗiga wannan gam a kan tsumman auduga, domin yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi mai yaji a ido, kuma kada a naɗe tsumma a yatsa alhali injin yana juyawa. Ƙurar odum tana tayar da tari da ƙaiƙayi, saboda haka a sa takunkumi, a kuma yi aikin inda iska ke ratsawa.